Zuwa ga mutumina na Njamaina, kan bidiyon nan mai ɗingishi

Assalamu alaikum mutumina,

Ya gida ya iyali, ya jikin Inna, ya kuma zafin Njamaina? Mu nan Garwa sai godiyar Allah, zafi ya shigo da ƙarfinsa, ruwan Binuwai ya ja baya yashi duk ya fito, da rana in ba dole ba babu mai leƙa waje. Na saurari saƙon muryarka har sau biyu jiya da daddare, na so in amsa nan take amma na ga in ta murya zan maka bayani zan yi ta kwan gaba kwan baya ne ka kasa riƙe komai, shi yasa na bari sai yau da na taso daga shago na zauna na rubuta. Ka ajiye wasiƙar nan a waya, ka zauna gaban kwamfutar kana bi a hankali.

Kafin komai, dan girman Allah kar ka sayi wata kwamfuta tukuna, kar kuma ka ɗora wa tele laifi. Wanda yace maka sai ka canza na'ura ko kunna ta bai yi ya gani ba, da baki kawai ya yanke hukunci, kuma kuɗin da ya faɗa maka ba ƙaramin kuɗi bane a wannan lokaci, ga makarantar yara ga maganin Inna. Akwai magana guda a saƙonka da ta kwantar min da hankali, kace in kana kallo a allon kwamfutar lafiya lau yake tafiya, sai ka jona da tele ne yake fara cijewa. To wannan ai alama ce mai kyau, injin yana da sauran ƙarfinsa, tsakaninsa da tele ne ba a daidaita ba.

Abin da yasa na ɗauki maganar da zafi, ni ma ya same ni bara cikin Afrilu. Kasan bikin ƙanwata da baka samu zuwa ba, to yayar Hajiyarmu ta Marwa ta zo bikin, kuma shi ne zuwanta Garwa na ƙarshe, bata yi wata biyu da komawa ba Allah ya karɓi abarsa, Allah ya jiƙanta. Da mai ɗaukar bidiyo ya kawo mana aikin a kile, wato filas ɗin nan na USB, Hajiya tace ita ba amarya take son gani ba, yayarta take son gani, kuma idonta yanzu baya ɗaukar allon waya. Na ɗauko kwamfuta na jona da tele a falo, mata suka cika wurin har da na maƙwabta, aka kunna. Duk inda kyamara ta tsaya cak babu matsala, amma da an zo wurin kamu inda mai ɗauka yake zagayawa da ita a hankali kan fuskokin mata, sai hoton ya riƙa fizga, fizga, kamar ana jan akuya da igiya tana turjewa. Hajiya ta matso da kujera har gwiwarta na taɓa teburin tele, ta ƙura ido, can ta sa gefen mayafi ta goge ido tace ɗan nan kashe abin nan yana sa ni jiri. Wallahi ranar ban ji daɗi ba ko kaɗan. Shi yasa da kace Inna na son ganin bidiyon sunan jikanta ta kasa, na san abin da kake ji.

Washegari na tafi kasuwa na sayi sabuwar wayar HDMI, wadda ake jona kwamfuta da tele da ita, mai bakin ruwan zinare jaka biyar, na dawo na jona, babu abin da ya canza. Daga baya na fahimci dalili. HDMI lambobi take ɗauka, ko su isa ko kar su isa. In wayar ce ta lalace abin da zaka gani daban ne, allo zai yi baƙi na ɗan lokaci ya dawo, ko ka ga wasu fararen ɗigo-ɗigo suna ƙyalli kamar tartsatsi, ko tele ya rubuto maka babu sigina. Amma hoto ya fito tas yana ɗingishi, wannan ba aikin waya bane. In taka bata wuce mita biyu ko uku ba kuma baka ganin waɗancan alamu, ka bar ta kawai.

Yanzu ka kunna bidiyon ka zauna ka lura da irin cijewar, domin ba iri ɗaya bace kuma kowacce da maganinta. Akwai wadda sauti ke tafiya sumul, hoto ma baya tsayawa, sai dai ɗingishi a kai a kai mai tsari ɗaya, musamman in kyamara na juyawa ko ƙwallo na gudu. Akwai wadda hoto ke sandarewa ya yi tsalle, baki ya rabu da magana, fankar kwamfuta na ta gurnani. Akwai kuma wadda take farawa lafiya, sai an yi minti ashirin ko rabin awa ta rikice. Ta intanet kuwa ka santa, wannan zoben da ke juyawa a tsakiya, ita ba ruwanta da tele, don haka gwajin duka ka yi shi da bidiyon da ke cikin kwamfutar, kuma ka kwafe shi daga kile ka sa a cikinta tukuna, wasu kile ɗin masu araha basa iya miƙo bayani da sauri. In kuma ta iska kake turawa babu waya, ka daina, ka jona da waya.

Daga yadda ka kwatanta ina zargin ta farko ce, ita ce kuma ta fi ba ni wahala kafin in gane ta, bari in tsaya a kanta sosai.

Bidiyo ai hotuna ne a jere ake sakinsu da sauri. Fim na silima hoto 24 ne a sakan ɗaya. Tashoshin tele na ƙasashenmu da na Turai 25 ne ko 50, asalin abin daga wutar lantarki ne, tamu 50Hz ce, ta Amurka 60Hz, shi yasa nasu tsarin ya tafi kan 30 da 60. Wayoyin hannu yawanci 30 suke ɗauka. Shi kuma allo yana da nasa lissafin, sau nawa yake sabunta hoto a sakan, kuma kusan duk kwamfutar cinya a kan 60 take zuwa, in ka jona ta da tele sai ta tura masa 60 ɗin nan. To ka ɗauka goro 60 aka baka ka raba wa mutum 25. Ba zai rabu daidai ba, wani ya samu biyu wani uku, wani biyu wani uku. Haka hotunan suke, wani ya daɗe a allo wani ya wuce da wuri, ido kuwa baya yafe wannan, shi ne ɗingishin. Amma a baka goro 50 ga mutum 25, kowa bibbiyu, babu rigima. A ƙaramin allon kwamfuta ma abin yana nan, ƙanƙantar allon ce take ɓoye shi, da ya hau tele mai inci 43 sai ya fito fili. Bidiyon bikinmu 25 ne, mai ɗaukar da kyamara ta gaske yayi aiki, ni kuma ina ta tura shi a kan 60.

Ga yadda zaka yi. Da farko danna maɓallin Windows tare da P, zai fito maka da zaɓi huɗu a gefe. Na tabbata a kan Dupliquer kake, kowa a nan yake barinsa don yana son ganin hoto a wuri biyu. Matsalarsa shi ne yana tilasta wa allo biyu su bi tsari ɗaya, kuma na kwamfutar ne yake jan ragama, in nata 1366 x 768 ne to tele ma haka zai karɓa ya buɗa shi. Ka zaɓi na ƙarshe, Deuxième écran uniquement. Allon kwamfutar zai mutu, kar ka tsorata, komai zai koma kan tele. Wasu daga nan kaɗai matsalarsu take ƙarewa.

Sai ka danna dama a fili a kan allo ka shiga Paramètres d'affichage, ka tabbata girman hoton yana kan 1920 x 1080, ka gangara ƙasa wurin da aka rubuta avancés, a ciki akwai inda aka sa Fréquence, zaka ga 60 ko 59 da ɗoriya. Buɗe shi, in tele ɗin na ƙasashenmu ne zaka samu 50 a ciki, wani har da 24. Amma kar ka canza da ka, fara sanin bidiyon naka nawa ne. Buɗe shi da VLC, manhajar kallon bidiyon nan, ka danna Ctrl da J, zai nuna maka sunan kodek ɗin, wato tsarin da aka matse bidiyon da shi, da girman hoto da yawan hotuna a sakan. In ka ga 25 ko 50, sa tele a 50. In ka ga 30 ko 29.97 ko 60, kamar wanda aka ɗauka da waya, bar shi a 60. In fim ne mai 24 ko 23.976 kuma tele ya baka 24, sa shi a nan, sai dai linzamin zai riƙa jan ƙafa a wannan yanayin, in ka gama kallo ka maida. Na nanata maka wannan ne saboda ni da na ga 50 ta yi min magani sai na bar ta a haka, ranar da yara suka sa bidiyon waya ɗingishi ya dawo ta ɗaya gefen, sai da na sake lissafi na gane 30 bata shiga 50 daidai.

In kana son ganin bambancin da idonka, gwada da ƙwallo. Ina da wasan nan na ranar 11 ga Janairun 2022 a ajiye, wanda muka shiga Roumdé Adjia tare, Najeriya ta ci Masar ɗaya da nema, Iheanacho ya zura ta, kai kana ta ihu har muryarka ta dushe. Nawa 50 ne. A kan 60 in aka buga doguwar ƙwallo sai ka ganta tana tafiya tana hutawa a sama, da na maida 50 sai ta tafi sumul kamar yadda muka ganta a fili. Da shi nake gwada kowane tele yanzu.

Baka faɗa min ko tele ɗin naka 4K bane. In shi ne to akwai wani tarko. Tsofaffin kwamfutoci bakin HDMI ɗinsu 1.4 ne, shi kuma in zai tura 3840 x 2160 baya wuce 30Hz, sai 2.0 da ya fito a 2013 ne yake kai 60. Windows kuma da ya ga tele 4K sai ya zaɓi mafi girma da kansa, sai ka ga komai yayi nauyi, linzami ma yana tafiya kamar cikin taɓo. Banda haka 4K ninki huɗu ne na 1080 a yawan ɗigon hoto, kaga ka ɗora wa jaki kayan raƙumi. Sauke shi zuwa 1920 x 1080, tele zai cike sauran da kansa, daga inda Inna take zama ba zata ga wani bambanci ba sai na santsin tafiya.

Shi ma tele ɗin ka shiga saitin hotonsa. Akwai wani abu da suke sawa wai don ya sa motsi yayi laushi, yana ƙirƙiro hotuna na ƙarya a tsakanin na gaske, LG suna ce masa TruMotion, Samsung Auto Motion Plus, Sony Motionflow, sauran ma kowa da sunan da ya raɗa masa. In abin da kwamfuta ke turo masa dama bai daidaita ba, sai ya ƙara dagula shi. Kashe shi ka gani, ko ka sa tele a Mode Jeu.

To in kayi duk wannan hoto na nan yana sandarewa, mun shiga ta biyu kenan. Bar bidiyon yana tafiya ka danna Ctrl da Shift da Échap, Gestionnaire des tâches zai buɗe, ka duba Performance. In furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, tana kan 90 ko 100 cikin ɗari, ita kaɗai take ta fama da warware bidiyon alhali akwai ɓangaren hoto da aka yi don wannan aikin yana zaune. A VLC ka shiga Outils, Préférences, sannan Entrée / Codecs, layin farko-farko akwai maganar décodage matériel, ka sa shi a Automatique, ka rufe VLC ka sake buɗewa. In a burauza kake kallo ita ma tana da accélération a saitinta, ka tabbata a kunne yake. Ni da na kunna nawa lambar ta faɗo daga sama ta dawo ƙasa da 20.

Sai dai akwai inda wannan ba zai yi aiki ba, kuma gara in faɗa maka gaskiya. Kodek iri biyu ne suka fi yawo a hannunmu, H.264 wanda yake nan tun 2003 kowace na'ura ta san shi, da H.265 da ake ce wa HEVC na 2013, wanda sababbin wayoyi ke ɗauka da shi don baya cin wuri. Kwamfutocin okaziyon ɗin nan, wato na hannu, da ake shigo mana da su ta Duwala da yawansu sun girme shi. In taka Intel ce duba lambar da ke bayan i3 ko i5, in ta fara da 3 ko 4 kamar 3320, tsohon zubi ce, bata da ɓangaren warware HEVC, sai daga zubi na 6 na shekarar 2015 abin ya zauna sosai. Amma ko nan ba sayen sabuwa ne mafita ba. Akwai manhaja kyauta sunanta HandBrake, ka sa mata bidiyon ka ce ta maida shi H.264 a 1080, ka barta ta kwana tana yi, da safe ka samu wanda zai tafi lafiya. Bidiyo guda nawa ne Inna take son gani? Basu kai a kashe dubban ɗaruruwa a kansu ba.

Ta ukun kuwa tamu ce ta 'yan Sahel, ban jin wanda ya ƙera kwamfutar nan ya taɓa zama a ɗakin kwano cikin Afrilu ana zafin da ya haura digiri 40. Furosesa in ta yi zafi da yawa da kanta take rage gudu don kar ta ƙone, shi ne zaka ga an fara kallo lafiya, can sai abu ya rikice. Tawa bayan na gyara maganar 50 ɗin nan sai ta ɓullo da wannan, ina kallon gudunta a Gestionnaire yana sauka har ƙasa da 1GHz, gefen da iska ke fita kuwa ko yatsa baka iya ajiyewa. Na kai wa wani yaro mai gyara a kasuwa, ya kwance bayanta a gabana, ya sa ɗan hantsaki tsakanin fanka da ƙarfen da ke fitar da zafi ya zaro wani dunƙulen ƙura da ya haɗe yayi kamar audugar katifa, tsawon yatsana, ƙurar hunturu ta shekara da shekaru ce ta toshe hanyar gaba ɗaya. Man da ake shafa wa kan furosesa, pâte thermique ɗin nan, ya bushe ya zama kamar ƙanzo, sai da ya kankare shi ya sa sabo ɗan ɗigo kamar ƙwayar gero biyu. Jaka biyu ya karɓa. Da aka kunna ta fankar da ke ihu kullum sai ka kasa kunne kafin ka ji ta. Ku da ƙurarku ta fi tamu, na tabbata taka ma tana ɗauke da irin wannan kaya a ciki. Ka kai a buɗe, amma ka tsaya a wurin ana yi. Kuma ka daina ɗora ta kan katifa ko darduma, ta ƙasa take shaƙar iska, ka sa ta kan tebur ka ɗaga bayanta da ɗan katako.

Caja ma ka bar ta a jone lokacin kallo. A kan batir kwamfuta tana tsuke ƙarfinta don ta daɗe, na san kuma yadda kuke yi in an ɗauke wuta, tele a kan sola kwamfuta a kan batirinta, to a lokacin, in Windows 10 kake da shi, ka danna alamar batir ka ja shi zuwa ɓangaren performances. Ka duba bayan cajar kuma, in kwamfutar 65W take so aka haɗa ka da ta 45W, wasu suna rage gudu saboda haka ko da tana jone.

In abin duk ya gagara, ka sa bidiyon a kile ka soka a bakin USB na tele kai tsaye, yawancin tele na yanzu suna karanta MP4 da kansu kuma su suka san lissafin allonsu. In ya ƙi kwafuwa yana ce maka yayi girma alhali akwai wuri, kile ɗin FAT32 ne, baya ɗaukar fayil ɗaya da ya wuce 4GB.

Mu dai ranar da na gama haɗa komai ban tara mata ba, ni da Hajiya ne kawai bayan isha'i. Aka zo wurin kamu, kyamara ta zagayo a hankali ta tsaya kan yayarta tana gyara ɗaurin kallabi tana dariya da wata maganar da ba a ji ba. Hajiya tace tsayar, na tsayar. Ta daɗe tana kallo bata ce komai ba, can tace maida baya, na maida, sau huɗu muna yi. Har yanzu duk Juma'a sai ta sa an kunna mata wurin.

Ka fara da Windows da P ɗin nan yau da daddare, sannan ka ɗauko min hoton abin da Ctrl da J ya nuna, da lambar furosesar, da takardar da ke manne bayan tele, ka turo min ta WhatsApp in gani. In HEVC ne kuma taka ta kasa juya shi, ka ba direban da ke zuwa ta Kusuri kile ɗin ya kawo min shago, in juya in maido maka cikin satin.

Ka gaida Inna da kyau kace ina mata sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Ka gaida uwargida da mai jego, ka shafa min kan jaririn. Hajiya ma tana gaishe ku, tace yaushe zaka kawo mata yaran.

Naka,
abokinka na Garwa